A Sa Min Jitata a Akwati

Yayana Katsumasa ya rasu a tsakiyar bazara, lokacin da zafin tsibirinmu na Innoshima yake hana mutum tunani mai kyau. Bai bar magana a kan gida ba, bai bar magana a kan 'yar gonar lemon da ke bayan tudu ba. Abin da ya dame shi har ƙarshe shi ne jitarsa.

Ina wurin lokacin da ya faɗa. Matarsa Chizuko tana goge masa leɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ni kuma ina gefe ina ɓare lemon da babu mai sha. Sai ya kamo hannun rigarta.

"Ki sa min ita a akwati," in ji shi. "Tare za mu shiga wutar." A wurinmu ƙona gawa ake yi a cikin akwatinta, ba binnewa ba.

"To," ta ce.

"Ba irin 'to' ɗin da nake ce miki a kan taba ba. Alkawari nake so."

"Na yi alkawari."

Na kasa yin shiru. Na ce, "Haba Yaya, mutane suna tafiya da hoton jikokinsu, kai da tarkace za ka tafi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ke dai Sumie, tun kina goye bakin nan naki bai taɓa hutawa ba." Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Tarkace na ce, kuma har yau ban janye ba. Yana saurayi, sabon shiga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, zazzaɓin jitar lantarki ya kama samarin ƙasar nan kaf. Da albashinsa na farko ya hau jirgin fito zuwa Onomichi, ya shiga wani shago da ke sayar da rediyo da fanka, ya nuna wadda ta fi kowacce araha. Ja ce, da maɓallai birjik a ƙirjinta, rabinsu ba sa komai sai ado. Kana ɗaure tsirkiyoyinta, kafin ka kai ƙarshen waƙa sun saki. Ranar da aka yi ruwa takan ja shi da wuta a yatsu, ya yi tsalle yana zagi, ya koma ya ci gaba. Babanmu ya ce kiɗan 'yan iska ne, ya kore shi da ita zuwa rumfar ajiye kayan gona, kuma a can suka zauna kusan shekara sittin.

Abokansa da suka fara tare duk sun wuce wurin. Wasu sun sayi masu tsada, wasu sun bar kiɗan da suka yi aure. Shi kuwa mai walda ne, duk abin da ya lalace gyara shi yake yi. Wannan ya karye, ya ƙera wani a wurin aiki. Wancan ya ci tsatsa, ya ciro na tsohuwar rediyo ya dasa. Da jan fentin ya koɗe sai ya shafe ta da ragowar fentin jirgin ruwa, ta koma kalar ƙofar gareji. Da ita ya yi kiɗan bikin abokan aikinsa, da ita ya yi kiɗan bikin bazara a filin makaranta har sai da yaran zamani suka karɓe dandalin. Shekarar da aka rage ma'aikata aka sallame shi, Chizuko ta shiga aikin tsinkar lemo a gonakin mutane, shi kuma ya yini a rumfa yana kaɗa abu ɗaya. A lokacin na tsani jitar nan kamar in banka mata wuta. Amma ranar da muka dawo daga jana'izar mahaifiyarmu na ji shi yana kaɗa wani abu a hankali, ba tare da ya haɗa ta da sifika ba, na tsaya a bayan rumfar na yi kukan da na kasa yi a gaban mutane. Ban taɓa gaya masa ba, don kada kansa ya kumbura.

Da aka dawo da gawarsa gida aka kwantar a ɗakin tabarma, kai yana fuskantar arewa, mutumin kamfanin jana'iza ya zo. Tsurumaki-san sunansa, mutum mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda zai sunkuya maka yana hana ka abu. Ya tambayi abin da iyali suke so a sa wa mamaci a akwati. Chizuko ta tashi ta je rumfa, ta dawo tana jan jakar jitar a ƙasa.

Tsurumaki-san ya dubi jakar, ya ja iska ta tsakanin haƙoransa.

"Uwargida, ku gafarce ni. Gidan ƙonawa ba sa karɓar ƙarfe. Ba sa karɓar roba, ba sa karɓar gilashi. Ko tabarau ba ma sawa."

"In an cire ƙarfen fa?"

"Katakon ya yi kauri, ga fenti. Yana ɓata ƙashi, wani lokacin ya ɓata murhun. Abin da iyalai suke yi shi ne su ɗauki hoton abin, a sa hoton a hannun mamaci. Mun yi wa masu kamun kifi haka da sandunansu, sun ji daɗi ƙwarai."

"Su wa suka ji daɗin?" in ji Chizuko. "Matattun ne suka gaya muku?"

Ya sake sunkuyawa. Amma a'a ɗinsa tana nan daram, kuma ta ji ta sarai.

Wanda ya ji daɗin wannan hani shi ne Ryohei, ɗansu tilo, da ya iso daga Hiroshima da safen nan da baƙar kwat a hannu. Shi kansa furfura ta fara masa. A kan jitar nan ya koyi kiɗa yana ƙarami, ubansa yana riƙe masa yatsu, kuma in ka cire kiɗan, ban san wata hira da suka taɓa yi mai tsawo ba. Da Tsurumaki-san ya fita sai ya zauna gaban uwarsa.

"Mama, kin ji dai. Ba za ta shiga ba. Ki bar min ita."

"Ubanka ya roƙe ni."

"Baba yana cikin magagin allura."

"Ina wurin," na ce. "Da hankalinsa ras. Har zagina ya yi."

"Goggo, don girman Baba ki bari mu yi magana."

Ashe tun a hanya ya tura hotunanta ga wani mai shagon tsofaffin kayan kiɗa, yana fatan a ce masa ta zama kayan tarihi, ko uwarsa ta ji nauyin ƙona ta. An ce yanzu Turawa suna neman irin waɗannan masu arahar na da. Na tambaye shi me mutumin ya ce.

"Ya ce da an bar ta yadda ta fito daga masana'anta, da akwai masu so. Amma Baba ya canja komai. Ya ce ko kyauta ba zai karɓa ba, wai za ta cinye masa wuri."

"To ka ji," na ce.

"Ba don sayarwa nake so ba, Goggo!" Muryarsa ta tashi har ya dubi inda ubansa yake kwance ya sassauta. "Me ya bar min? Gona? Ban iya noman lemo ba. Ita kaɗai ce in na riƙe nake jin kamar yana kusa."

Chizuko ta dube shi ta daɗe. Mace ce da ba ta da yawan magana, shi ya sa muka shekara hamsin ba mu yi faɗa ba, ni ke yin na mu biyu. Ta ce, "Je ka tari 'yan'uwa a tasha, sun kusa sauka." Ya ɗauka ta sauko ne, ya tashi ya tafi.

Da la'asar na neme ta in tambaye ta maganar abincin masu zaman makoki, ban gan ta a kicin ba. A rumfa na same ta, zaune a kan akwatin lemo, zufa ta jiƙa mata baƙar riga. Ta buɗe akwatin kayan aikin mijinta. Jitar tana kan cinyarta, tsirkiyoyin a tsinke sun murɗe a ƙasa, kuma ta riga ta kwance sukurorin da suka haɗa wuyan da gangar jikin. Gangar tana jingine da bango kamar kazar da aka fille wa kai.

"Yaya Chizuko! Me kike yi haka?"

"Ya ce katakon ya yi kauri. Wuyan ai ba shi da kauri."

"Yaron nan zai haukace."

"Ryohei yana da rai, zai yi fushi ya huce. Wancan kuwa ba ni da ranar da zan ba shi haƙuri."

Ta juya wuyan ta nuna min bayansa. Fentin ya cinye, itacen ya yi baƙi ya yi santsi, har ya ɗan lotsa a wurin da babban yatsansa yake zama. "Nan hannunsa ya yi rayuwarsa," ta ce. "Sauran duk gyare-gyare ne. Wannan kaɗai ne bai taɓa canjawa ba."

Na tsaya ina kallo tana aiki. Ta kwance maɗauran tsirkiya na kai ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a tsohon kwano. Sannan ta ɗauki filaya ta shiga zare 'yan siraran ƙarafan nan da ke jere a fuskar wuyan. Ba sa fita da daɗi. Kowanne sai ta ciza leɓe ta murɗa, ya fito da tsiron itace a jikinsa. Ɗaya ya yanke ta a yatsa, ta tsotse jinin ta ci gaba. Ba ta so ta cuci kowa. Ta ji an ce ƙarfe yana ɓata murhu, don haka ba ta bar ko ƙwayar kusa ba. Da ta gama ta bi itacen da tafin hannu sama da ƙasa, ta ɗaga shi ga hasken taga tana duba kowane rami.

"Kin ga wani ƙarfe?"

Na karɓa na duba. "Babu," na ce. "Itace ne zalla."

Ta mayar da gangar jikin cikin jakar, ta zuge zif, ta rataye ta a kusar da take zama. Wanda ya leƙo zai ce ba abin da ya taɓa ta.

Washegari da sassafe, kafin mutanen kamfani su iso, Ryohei yana wanka, ta shiga ɗakin tabarma da wuyan a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta ɗaga mayafin da aka lulluɓe shi da shi a cikin akwati, ta kwantar da itacen a tsakiyar ƙirjinsa, kan yana taɓa ƙasan haɓarsa, ta gyara hannuwansa a kai, ta ja mayafin har wuya. Ina bakin ƙofa.

"Za su gani," na ce ƙasa-ƙasa.

"To je ki gaya musu."

Ban je ba. Da malamin haikali ya gama karatu aka buɗe akwati don bankwana, kowa yana sa fure, Chizuko ta tula nata duk a kan ƙirji. Ni ma a nan na tula nawa, na ƙara da na wata tsohuwa da hannunta yake rawa. Tsurumaki-san ya miƙo hoton jitar da ya sa aka wanko, Ryohei ya karɓa ya ajiye a gefen fuskar ubansa yana share hawaye. Aka rufe murfi.

A gidan ƙonawa muka raka akwatin har bakin ƙofar murhu, muka ƙona turare, ƙofar ƙarfe ta rufe. Suka kai mu ɗakin jira, aka kawo shayi da biskit ɗin shinkafa. 'Yan'uwa suka ɓarke da hirar farashin lemo da ciwon gwiwa, kamar yadda ake yi a irin wannan wuri. Chizuko tana zaune a miƙe, fuskarta ta saki a karo na farko tun daga asibiti. Na ga sauƙi a jikinta, kuma na taya ta murna a raina.

Sai Ryohei ya taso ya durƙusa kusa da ita.

"Mama, ki yi haƙuri da ɗaga muryar da na yi jiya. Na san alkawari kika yi. Zan kula da ita, na rantse. Zan sa mata sababbin tsirkiyoyi, ranar addu'ar kwana arba'in da tara in kaɗa masa wadda yake so, a gabanki."

Ta dubi kofin shayinta. Ni kuma, mai bakin da ba ya hutawa, na cika shi da biskit.

Aka zo aka kira mu ɗaukar ƙashi. Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin nan ba ba zai san zafin da ke tasowa daga farantin da ake fito da ƙashin a kai ba, yana dukan fuska kamar an buɗe tanda. Ma'aikacin, wani dattijo mai fararen safar hannu, yana tsaye a gefe da dogayen sandunan ɗauka da ɗan tulun da za a zuba ƙashin. A al'ada yakan yi bayani da murya mai sanyi, ya nuna wannan na ƙafa ne, wannan na hannu, sannan mutane su zo bibbiyu, su kama ƙashi ɗaya da sanduna tare su sa a tulu. Matar mamaci da ɗansa ne suke farawa. A ƙarshe ya ware ƙashin maƙogwaro, wanda yake kama da Buddha a zaune ya haɗa hannu, ya nuna wa kowa, ya ce mutumin kirki ne tunda ya fito lafiya. Shi ake sawa a sama, shi iyali suke ajiyewa.

Dattijon bai fara bayani ba. Yana tsaye yana kallon farantin, mu ma muka kalla.

A tsakiyar fararen ƙasusuwan yayana, daga ciki har zuwa wuya, wani dogon ƙarfe ne a kwance, baƙi ƙirin, ya ɗan lanƙwashe saboda wuta. Duk inda ya bi ya bar baƙin tabo. Haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa sun farfashe. Bakinsa na sama ya sauka daidai inda maƙogwaro yake, kuma a wurin babu komai sai gari da 'yan ɓarɓashi.

"Ku gafarce ni," in ji dattijon a hankali. "An yi wa marigayi aiki a ƙashin baya ne?"

Ryohei ya matsa kusa, ya sunkuya, ya daɗe yana duban ƙarfen. Na ga lokacin da ya gane, don kafaɗunsa sun sauka.

"Wannan na cikin wuyan jita ne," ya ce. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Ana binne shi a cikin itacen tun a masana'anta, don kada tsirkiya ta lanƙwasa wuyan. Ba a ganinsa daga waje." Ya juyo. "Mama, ina jitar?"

"Na cire komai," in ji Chizuko.

"Ina jitar, Mama? Me ke cikin jakar da ke rumfa?"

"Na cire komai. Sumie ta gani. Ko ba ki duba ba?"

"Na duba," na ce.

Dattijon ya sa bakin sandarsa yana tona garin a hankali, yana neman abin da zai nuna mana. Ya ɗago wani ɗan guntu da bai kai farce ba, ya dube shi, ya mayar. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, ƙashin maƙogwaron bai tsira ba. Wata daga cikin 'yan'uwa ta ce "Wayyo" a bayana, wani ya yi gyaran murya. Na ji tausayin yayana, na ji haushinsa, mutumin da ko a mace sai ya sa mutane wahala a kan abin da ko kyauta an ƙi karɓa.

Chizuko ta tako zuwa bakin farantin. Ta tambayi dattijon ko za a iya sa ƙarfen a tulu tare da shi. Ya ce ba zai shiga ba, kuma ƙarfe yana tafiya ne da ragowar toka, su suke kwashewa. Ta gyaɗa kai kamar ta fahimta. Sannan ta miƙa hannun dama ta damƙe shi.

"Uwargida, da zafi!"

Na ji ƙarar, irin ta kifi a kan garwashi. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga shi daga kan mijinta, ta riƙe shi a gabanta tana kallo, sai da Ryohei ya buge mata hannu ya faɗi a kan siminti yana ƙara. Aka ruga neman ruwa da ƙanƙara. Aka zaunar da ita a kujerar bakin bango, aka naɗe hannun da jiƙaƙƙen tawul, yatsun sun ƙi miƙewa.

Akwai wasu iyalin suna jiran ɗakin a bayanmu, kuma ƙashi ba ya jira. Dattijon ya ɗauko sanduna ya miƙa wa Ryohei, ya ɗauko na biyun ya nufi Chizuko da su, sai ya dubi tawul ɗin ya tsaya. Ta gwada ɗagowa da hannun hagu, sandunan suka zube a cinyarta. Ta sake gwadawa. Ryohei yana tsaye a bakin farantin ya ba ta baya, bai juyo ba.

Ni na je na tsince su daga cinyarta. Na tsaya a wurin da ya kamata ta tsaya, gefe da ɗanta, muka kama ƙashin ƙafar yayana tare muka sa a tulu. Daga bakin bango ina jin ta tana faɗa wa tawul ɗin, ba da ƙarfi ba, cewa ta cire komai.